Na Kai Jirgin Malama Rabi Jidda

Tun da na dawo mutanen majalisarmu ta bakin shagon tela suka hana ni sakat. Da na zauna sai wani ya ce, "To Malam Sabi'u, a ba mu labarin Jidda." Wannan ya tambaya ko na hau jirgin bututun, wancan ya ce shi dabino kawai ya dame shi. Na yi ta zillewa, yau in ce gajiya, gobe in ce mura, har tela ya laƙaba mini Alhaji Shiru. To na gaji da zillewa. Zan ba ku labarin daga farko, amma ku sani ba na daɗi ba ne. Kunya ce cike da shi, kuma ni na jawo ta.

Ga wanda bai san ni ba, ina koyar da aikin lantarki a wata kwalejin fasaha nan Funtuwa. A sashenmu akwai wata injiniya, Malama Rabi, mace mai shiru-shiru wadda ba ka jin muryarta sai a aji. Abin da ta ƙera shi ya kai ni Jidda.

Bari in yi muku bayaninsa yadda ba za ku sake tambayata ba. Jirgin ƙasa ne ake so a riƙa sakawa cikin dogon bututu, a zuƙe iskar da ke ciki, domin iska ita ke tokare duk abin da ke gudu. Wanda ya taɓa fito da hannunsa ta tagar mota a hanyar Zariya ya san haka. Sannan ba shi da taya, maganaɗisu ke ɗaga shi kaɗan daga kan layi, ya tsaya bai taɓa komai ba. Babu iska a gaba, babu gugar ƙarfe a ƙasa, sai ya yi gudu mai yawa da wuta kaɗan, ba fetur ba hayaƙi, wutar ma ana iya samunta daga hasken rana. Manyan ƙasashe na ta gwajinsa. Malama Rabi ta yi nata ɗan ƙarami a ɗakin gwajinmu, da bututun roba garai-garai guntu-guntu, in an haɗa ya kai tsawon ɗaki. Jirgin kansa bai fi gwangwanin kifi ba. Kwamfuresar wani tsohon firiji ke zuƙe iskar. Hutunta da ranakun Asabar ɗinta duk a kan abin nan suka ƙare.

Sai wasu masu shirya baje kolin harkar sufuri a Jidda suka karɓi aikin nata. Sharaɗinsu ɗaya ne, abu ya yi aiki a gaban alƙalai. Daga cikin waɗanda nasu ya yi, za a zaɓi 'yan kaɗan a ba su gurbin horo a babban ɗakin gwaji, abin da Malama Rabi ta daɗe tana mafarki. Matsalar ita ce cikinta ya tsufa, jirgin sama ba zai ɗauke ta ba. Masu taron suka yarda abokin aiki ya tsaya a madadinta. Da yake ina da ɗan Larabcin Islamiyya, kuma ni ba na ƙin a ce ni ne, sai aka ce ni.

Ranar da ta damƙa mini kayan ta nuna mini geji, wato agogon da ke nuna yawan iskar da aka zuƙe. Ta ja wani layi a jikinsa da jan farce.

"Malam, bututun nan ba shi da ƙwari," in ji ta. "In allurar nan ta wuce jan layin, iskar waje za ta matse shi. Amma kada ka damu, tsohuwata ba ta da ƙarfin wucewa. Tana isowa nan take tsayawa."

Kwamfuresar take kira tsohuwata. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, kayanta na hannun manya.

Kun san halinmu. Mutum bai isa ya ce zai je Jidda ya tafi da jakarsa kaɗai ba. Kafin in ankara maƙwabta sun fara turo ƙulli-ƙulli, wannan na 'yar wane, wancan na ɗan wance. Na yi ta maza na mayar da kusan duka, har wata ta daina amsa gaisuwar matata. Na shiga motar Kano ta Malumfashi da Gwarzo ina jin kaina jarumi. A tasha ma sai da muka yi cacar baki da direba, wai zai ɗora buhun masara a kan kwalin bututun. Na ce sai dai ya ɗora a kaina. Haka na rungume kwalin a cinya har Kano, ƙafafuna suka mutu murus.

Wadda ban yi lissafi da ita ba ita ce surukata. Hajiya a Kano take, kuma ba zai yiwu in wuce ban yi mata sallama ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta, ta yi mini addu'a, sannan ta sa aka jawo wani buhu. Kuka ce da kuɓewa busasshiya, da daddawa, da garin kunu, da man shanu a jarka. Na yayanta ne, Baba Ɗanlami, wanda ya tafi aikin Hajji tun yana saurayi bai dawo ba, ya yi aure can ya tara iyali. Ba ta tsaya nan ba, ta ce za ta raka ni filin jirgi a motar ɗanta.

A wurin awo aka ce kayana sun yi nauyi. Na yi magiya, ma'aikacin ya ce jirgin cike yake da masu Umra, ko ƙari zan biya babu wuri. Na turo kayan waje wurin ajiye motoci na zube su. Hajiya na zaune a mota da ƙofa buɗe tana kallona. Wallahi hannuna ya nufi buhunta, har na kama bakinsa.

"In ya yi nauyi a bar shi, ba komai," ta ce a hankali. "An dai ce mini jikin nasa ya yi rauni, na ce ko ya ɗanɗana miyar gida."

Ku gaya mini wanda a cikinku zai iya sauke buhun nan a gaban uwar matarsa. Na saki bakin buhun kamar na taɓa garwashi. Na buɗe ɗaya jakar na ciro kwamfuresar, don ita ta fi komai nauyi, na miƙa wa ƙanin matata na ce ya ajiye mini.

"Ba ta aikin ba ce?" ya tambaya.

Na ce, "Tsohon ƙarfe ne. Jidda fa za ni, garin firiji."

Da aka sake awo sai kaya suka yi daidai. Na ɗauko waya in kira Malama Rabi, na duba sunanta, na mayar da wayar aljihu.

A cikin jirgi ni kaɗai ne kamar bare. Maza suka yi ta tashi suna ɗaura harami, ni ina zaune cikin kaftani. Wani dattijo na kusa da ni ya tambaya ina nawa haramin, na ce taro zan fara zuwa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce Allah ya kyauta, bai sake yi mini magana ba har muka sauka.

Filin jirginsu kuwa sai wanda ya gani, amma ban samu sukunin kallo ba. An ɗauki hoton yatsuna, an buga fasfo, na zo wurin kwastan. Kwalin bututun da nake fargaba ya wuce lafiya, takardar gayyata kawai suka duba. Buhun Hajiya aka tsayar. Jami'in, wani saurayi mai tsafta, ya sa safar hannu ya kwance, warin daddawa ya bugo shi ya ja da baya. Ya daure ya tura hannu cikin garin kuka, sai ga ƙunshin goro cikin ganye, an tusa shi can ƙasa. Goro kuwa ba a shiga da shi ƙasar, kowa ya sani, Hajiya ma ta sani, shi ya sa ta binne shi. Ya ɗaga ƙunshin yana tambayata mene ne wannan, layi guda na kallona. Larabcin Islamiyyar nan ya gudu ya bar ni. Da ƙyar na haɗa cewa saƙo ne, ban san da shi ba. Ya yi mini nasiha mai tsawo, ya jefa goron a kwandon shara, ya ce in wuce.

Direban tasin da ya ɗauke ni baƙi ne dogo, muna ta fama da Larabci sai wayarsa ta yi ƙara, na ji ya ce, "Ina kan hanya, na ɗauko baƙo." Ashe Bahaushen Sudan ne. Ya ce kakansa daga wajen Haɗeja ya fito da ƙafa zai zo Makka, ya tsaya Sudan noman auduga don ya tara guzuri, ya yi aure, ya mutu can bai ƙaraso ba. Na ba shi labarin jirgin bututu, na ce masu yinsa na fatan wata rana ya yi gudun jirgin sama. Ya yi dariya ya ce, "Da a zamanin kakana aka yi shi, da ba a haife ni ba."

Masaukin da aka ba mu otal ne a arewacin gari. Ɗakin sanyi kamar firiji, waje kuma wani irin zafi mai danshi, kana fitowa tabarau ya rufe da tururi ka koma makaho. Da safe ana ba da wake da aka dama da mai, suna ce masa ful, da wani faffaɗan burodi mai zafi, tamis. Na ci na ƙoshi, ba zan yi ƙarya ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da rana ba ka ganin mutum yana tafiya da ƙafa, sai motoci da kyanwoyi. Babu ɗan acaba, babu mai shayi a bakin titi da za ka tsaya ka tambaya. Na tambayi ma'aikacin otal inda ake sayar da tsohuwar kwamfuresar firiji, ya nuna mini kantin sababbin firiji a waya. Nan na tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Saƙon Malama Rabi ya shigo, tana tambaya ko kaya sun isa lafiya. Na rubuta mata, "Lafiya lau."

Na ɗauki buhun Hajiya na nufi Sa'alaba, can kudancin gari. Unguwa ce ta tsofaffin gidaje gajeru da lunguna, da ƙananan kantuna. Ina sauka na ji wata mata na ƙwala wa ɗanta kira da Hausa, shi yana amsa mata da Larabci. Har mai tsire na gani, su suna ce masa siriya. Na ambaci Baba Ɗanlami ba wanda ya gane, sai da wani ya ce, "Abu Azzuz kake nufi?" wato baban Azzuz, ya kai ni har ƙofa.

Baba ya tsufa ƙwarai, ƙafa ta ƙi, kunne ya yi nauyi. Amma da aka gaya masa mijin 'yar ƙanwarsa ne daga gida, sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya tambayi mutanen da suka mutu tun ban san kaina ba. Ya sa aka buɗe buhun a gabansa, ya ɗebi daddawa ya shinshina, idonsa ya ciko. Can ya laluba ya laluba, ya ɗago.

"Ba ta aiko da goro ba?"

Na sunkuyar da kai na ba shi labarin kwastan. Ya yi dariya har da tari, ya ce ƙanwarsa tun tana yarinya ba ta iya ɓuya ba.

Aka kawo gahawa a wani ɗan mitsitsin kofi, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye don kara, aka ƙara. Na shanye, aka ƙara. Sai da zuciyata ta fara bugawa kamar ganga sannan babban ɗan Baba, Abdul'aziz, wanda suke kira Azzuz, ya ga halin da nake ciki ya ce, "Girgiza kofin, ya nasibi. In ba ka girgiza ba har gobe ba za su daina ba." Nasibi wai suruki ke nan. Bayan nan aka shimfiɗa leda a ƙasa aka kawo shinkafa da kaza a faranti guda, kowa ya sa hannu.

Azzuz a Jidda aka haife shi, ya kai shekara arba'in, bai taɓa taka Najeriya ba. Hausarsa rabi da rabi ce, ya fara magana da ita ya ƙarasa da Larabci. Sana'arsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mukayyif a bakinsu. Da na ji haka sai na ja shi gefe na fasa masa ƙwai.

"Injin zuƙe iska? Basiɗa, abu mai sauƙi," ya ce. "Kullum da shi muke aiki. Yalla, gobe ka zo warsha."

Warsha shagon gyara ke nan, nasa yana Mahjar, unguwar masu aikin hannu, ko'ina ƙarar guduma da warin baƙin mai. Muka haɗa bututun a ƙasa, ya ɗauko injinsa, wani ɗan ƙarami mai hannu kamar buta. Yana kunnawa allurar gejin ta zabura. Abin da tsohuwar Malama Rabi ke jan jiki kafin ta kai, wannan kafin ka ce kwabo ya kai. Na yi wuf na rufe bawul, wato makullin iskar, daidai kan jan layi. Na danna maɓalli, ɗan jirgin ya ɗaga ya sulale har ƙarshen bututun ba ko sauti. Masu shagunan maƙwabta suka taru, muka yi ta maimaitawa.

"Amma ka kula, wannan gawiyya ce, ƙarfi gare ta," in ji Azzuz. "Idonka a geji, hannunka a bawul. Halas?"

Na ce halas, wato shi ke nan, ya ara mini injin. Na koma otal ina jin na fi kowa dabara. Na ce a raina in an ci nasara na ba Malama Rabi labarin muna dariya. A ranar ne mijinta ya turo mini saƙo cewa an kai ta asibiti, haihuwa ta zo, a taya da addu'a.

Rana ba ta ƙarya. Zauren baje kolin ya fi filin ƙwallonmu girma. Ga amsar masu tambayar ko na hau jirgin bututu: ban hau ba, kuma babu inda yake jigilar mutane tukuna. Wani kamfani dai ya kawo samfurin taragon, babba, ka shiga ka zauna a kujera mai laushi. Ba shi da taga, tunda cikin bututu ba abin kallo, sai allon talabijin da ke nuna hamada na wucewa. Na zauna na fito, ko motsi bai yi ba. Mu ƙananan masu ƙira aka jera mu can gefe, kowa da teburinsa, mutum ɗaya kawai aka yarda ya tsaya. Na kusa da ni wani ɗan Masar ne da kaya masu walƙiya. Da ya ga namu ya yi murmushi, amma da na gwada masa sai ya zagayo yana leƙen ƙasan jirgin.

Bayan la'asar alƙalai suka iso, su uku, shugabarsu wata injiniya mai abaya ruwan toka. Na yi bayani da Turanci, na ambaci sunan Malama Rabi, na ce ita ta ƙera, ni ɗan aike ne. Matar ta yi tambayoyi, ta ji daɗin amsa, ta ce tana so ita ta danna maɓallin da hannunta. Na ce bismillah. Na kunna injin Azzuz, na ɗora hannu a bawul, allura ta fara hawa.

Sai na ji sallama a bayana, da muryar tsoho.

Ashe Baba Ɗanlami ya ce ba zai yiwu surukinsu ya zo daga gida ya tsaya a gaban manya ba kowa nasa a wurin. Mutumin da aka ce ya daɗe bai fita ko masallaci ba ya sa an yi masa wanka, an sa masa babbar riga irin tamu da ya ajiye tun tuni, an ɗora shi a keken marasa lafiya. Azzuz ke tura shi, 'ya'ya mata da jikoki na biye. Ya miƙo mini hannu.

Ban yi tunani ba, wallahi ban yi ba. Jikina ne ya yi abin da aka koya masa tun ina yaro. Na saki bawul, na juya, na durƙusa har ƙasa, na kama hannunsa da hannu biyu. Na ce, "Baba, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?" Ya fara amsawa, ya tambayi kwanan baƙunta. Na ji Azzuz ya ce, "Geji, ya nasibi, geji." Kafin in miƙe sai ƙara, fau, sannan wani irin ƙaƙas-ƙaƙas.

Bututun ya lotse daga tsakiya kamar gwangwanin da mota ta taka, guntu biyu sun tsage, maganaɗisun layin sun watse a ƙasa suna manne wa ƙafar tebur. Matar na tsaye da yatsa a kan maɓalli. Injin na ta zuƙar iskar zaure. Azzuz ne ya zo ya kashe shi.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Matar ta ce ma'alesh, wato ba komai, ta ce tana dannawa jirgin ya wuce kamar ƙiftawar ido, sannan bututun ya rufe. Ta tambaya ko ina da wasu guntayen in sake haɗawa, don dokarsu sai abu ya yi aiki an maimaita. Na ce babu. Ta yi rubutu a takardarta, ta ce a gaishe da injiniyar da ta ƙera, suka wuce teburin ɗan Masar.

Baba kuwa bai gane abin da ya faru ba. Ya ji ƙara, ya ga mutane sun taru, sai fuskarsa ta washe.

"An gama? Masha Allah. Ai na ji ƙarfinsa har nan," ya ce. Ya ɗora hannu a kaina ya yi ta sa mini albarka, ya ce na fitar da su kunya a garin mutane. Na ce amin. Azzuz ya juya baya yana tsince maganaɗisu, ba wanda ya gaya wa tsohon komai.

Azzuz ya ce zai zagaye Mahjar ya nemo wani bututun, amma ihu ne bayan hari, alƙalai sun gama zagayensu. Washegari aka karanta sunayen waɗanda aka zaɓa. Na tsaya har ƙarshe ina saurare, kamar ban san abin da na aikata ba. A ranar saƙon mijinta ya shigo, ta sauka lafiya, an samu mace. Na rubuta barka, na ƙara da cewa an samu matsala, sai na dawo.

Na yi Umra kafin in taho. Akwai jirgin ƙasa mai gudu daga Jidda zuwa Makka, na lantarki, shiru kamar ba tafiya ake ba, ka ajiye kofin shayi bai zube ba. A da da na cika ku da labarinsa. Ni dai na zauna cikin haramina ina tsara yadda zan yi wa Malama Rabi bayani, har muka isa ban samu kalmar farko ba. Ranar tahowa iyalan Baba suka haɗo nasu saƙon na Hajiya, dabino da turare da abaya. Wannan karon kayana ba nauyi, komai ya shiga.

Na iske an riga an yi suna. Na yi kwanaki ina kewaye layin gidansu kafin in iya zuwa barka. Mijinta ya shigar da ni falo, ta fito da jaririya a kafaɗa ta zauna nesa kaɗan, muka gaisa. Na ajiye kwalin tarkacen a gabana, da kwamfuresar da na karɓo a Kano. Tana ganin tsohuwarta a waje daban, tsaf ba abin da ya same ta, sai ta dube ni. Na faɗa mata komai, tun daga buhun Hajiya har durƙuson. Ban rage ba, ban kuma ɗora wa kowa ba. Mijinta ya yi ta cewa ƙaddara ce. Ita tana dai jijjiga yarinyar.

Can ta ce, "Malam, da allurar ta wuce jan layin, yaya gudunsa? Ni ban taɓa ganinsa a haka ba. Tsohuwata ba ta iya kai shi."

Na ce, "An ce kamar ƙiftawar ido."

"An ce?"

"Na ba shi baya lokacin."

Ta tambaya ko wani ya ɗauka a waya. Akwai wadda ta ɗauka, ɗaya daga cikin 'ya'yan Baba, kuma ta turo mini. Na so in ce babu, amma ƙaryar da na yi ta isa. Na miƙa wa mijinta wayar ya miƙa mata. Bidiyon ba ya nuna bututun ko kaɗan. Ni ne a durƙushe, da tsoho cikin babbar riga yana murmushi yana riƙe da hannuna, sai ƙarar daga gefe. Ta kalla har ƙarshe, ta mayar farko ta sake kallo, ta kanga wayar a kunne ta saurari ƙarar. Na zauna ina jiran ta yi faɗa, ko ta yi kuka, ko ta tashi ta bar mini falon. Da ta yi ɗaya daga ciki da na samu sauƙi.

Ta miƙo wayar ta gyara wa yarinyar hula.

"Allah sarki, ya tsufa," ta ce. "Ya jikin Baban?"

Na ce da sauƙi.